Masaƙin da ke Bayan Idona

Ba na son kakata, kuma ban taɓa ɓoye wannan ba. In aka zauna ana tuna tsofaffin da, kowa yana yabon tasa kakar da daɗin bakinta, ni nakan ja bakina in yi shiru, don abin da zan faɗa zai ɓata wa mutane hira. Tawa ta iya tatsuniya fiye da duk wadda na taɓa ji daga ƙauyenmu har Sinnar, kuma da tatsuniyar ta cuce ni.

Habboba muke ce mata, yadda 'ya'yan Larabawa maƙwabtanmu ke kiran tasu. Sunan yana ƙona mata rai. Takan ce ita ba Balarabiya ba ce, a ƙasar Sakkwato aka yanke mata cibi, da ƙafarta ta tako har nan tana yarinya a bayan iyayenta da suka nufi Makka ba su kai ba. Duk da haka sunan ya bi ta har kabari. Doguwa ce, busasshiya, mai ƙaramin baki da ba ya dariya. Kakannin wasu suna wasa da jikokinsu, a tsokane su su rama. Tamu in ka tsokane ta sai ka sha muciya a gadon baya.

Ƙauyenmu yana cikin yankin Jazira, arewa da Sinnar, a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan nan da ke fitowa daga madatsa ta ratsa gonaki. Gonakin hawasha ake ce musu, kuma yawancinsu ba na mutanenmu ba ne. Mutum zai karɓa a hannun mai ita ya noma, in dawa ta nuna a raba. Wanda aka kora kafin girbi ya yi wahalar shekara a banza, ba shi da ko zangarniya ɗaya. Ruwa kuma ba yadda ka ga dama kake ba gonarka ba. Kowace hawasha da ranarta, gafir mai tsaron ruwa shi ke buɗewa shi ke rufewa. A garinmu an fi yafe wa ɓarawon akuya da a yafe wa wanda ya fasa ruwa ba a ranarsa ba.

A shekarar da nake magana, ubana ya sami aiki a ginin madatsar Rusairis, ya tafi da uwata da ƙannena, aka bar ni wajen Habboba ina da shekara tara ko goma. A gidan akwai Kawu Sale, ƙanen uwata, da matarsa da 'ya'yansa ƙanana uku. Shi ne ɗa namiji ɗaya da ya rage wa Habboba. In ya yi tari a ɗakinsa sai ta miƙe zaune a nata. Mu sauran kuwa ko zazzaɓi muke yi sai ta ce lalaci ne.

Zan yi mata adalci a abu ɗaya. Bayan magariba, in an ci tuwo an wanke hannu, takan sa a hura wuta da busasshen kashin shanu a tsakar gida don hayaƙi ya kori sauro, ta zauna a bakin gadonta na igiya, yaran unguwa su cika gidan. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta buga tafinta a cinya ta ce, "Ta taho, ku ba ta wuri." Mu kuma mu amsa, "Ta zauna mu ji." Daga nan muryar nan da ke zaginmu tun safe sai ta zama wata daban. In kura ce ke magana za ka ji warin bakinta. In rijiya aka faɗa, sai ka ji sanyin ruwan a ƙafarka. Mun sha yin kuka a gabanta, ita ko a jikinta. Na so waɗannan yammacin, kuma wannan yana cikin abin da ya sa har yau nake jin haushinta.

A cikin masu zuwa akwai Ladidi, ƙawata, 'yar Malam Haruna. Baƙi ne, daga ƙasar Katsina suka fito za su Makka, guzuri ya ƙare suka tsaya su yi noman shekara ɗaya. An ba shi gonar dawa a gefen ta Kawu, 'yar kunya ce kawai ta raba gonakin biyu. Ba su da kowa a garin. Ladidi ba ta jin Larabci ko kalma ɗaya, mu mu yi dariyar Hausarta, ita ta yi dariyar tamu, ta ce mun jiƙa ta da Larabci har ta yi tsami. Kullum a kusa da ni take zama, in an zo wurin tsoro ta damƙe mini hannu.

Ruwan sama ya ɗauke da wuri a shekarar. Dawa ta fitar da kai tana neman shan ruwa na ƙarshe, ganye ya fara naɗewa, ranar ruwan su Kawu kuma saura kwana shida. Ran nan da safe awakin Habboba suka kufce mini suka shiga dawarsa, ya kama ni ya zane ni da igiya har sai da bayana ya fashe. Da yamma akuya ɗaya ba ta dawo ba, aka ce in je in nemo ta, kada in dawo sai da ita. Rana ta faɗi amma da sauran haske. Na bi bakin ƙaramar hanyar ruwa, sai na hangi mutum a sunkuye yana sara da fartanya. Na tsuguna a bayan ciyawa. Ya ɗago ya duba hagu da dama, na ga Kawu Sale.

Akwai abin da na fi tunawa da shi fiye da ganin kansa. A tsugunen nan na ce wa kaina a zuci, "Rakiya, ga ki kina ganin Kawu yana fasa ruwa." Na san ina gani. Ba wai abu ya gilma na tuna daga baya ba, a'a, ina kallo kuma ina sane da cewa ni ce mai kallon, ina jin bayana yana zafi, ina jin daɗi mai muni yana tasowa a cikina. Ya sara sau uku ko huɗu, ruwa ya kwararo, ya saɓa fartanyarsa ya bi ta cikin dawa. Akuyar ma a can na same ta, na ja ta muka dawo.

Kafin gari ya waye ɓarakar ta faɗaɗa. Ruwa ya shayar da dawar Kawu da ta Malam Haruna, ya wuce ya kwanta a cikin audugar wani Balarabe, ya kashe masa fiye da rabi. Mufattish, babban jami'in gonakin, ya zo da motarsa ya duba. Ɓarakar tana daidai kan iyakar gonakin biyu, kuma dukansu sun amfana. Ya gaya wa shehun garinmu cewa zuwa Juma'a a fitar masa da mai laifi, in ba haka ba su biyun duk su bar hawasha. Wannan ranar Talata ce.

Ni kuma da bakina da bai san tsayawa ba, a wurin ɗiban ruwa na ce wa mata, "Ni na san wanda ya fasa. Kawu ne, na gan shi." Kafin in kai tulu gida maganar ta riga ni. Shehu ya aiko cewa ran Juma'a bayan masallaci a kawo yarinyar.

Na zaci Habboba za ta kashe ni da duka. Ba ta taɓa ni ba. Ta zuba mini tuwo kamar kullum, aka hura wuta, yara suka taru. Ladidi ce kawai ba ta zo ba, uwarta ta hana ta. Habboba ta buga cinya, muka amsa, ta fara.

Wai a wani gari an yi wata yarinya mai kaifin ido, wadda ke hango tururuwa a kan dutse tun daga ƙofar gida. Duk abin da ya ɓace ita ake tambaya, in ta ce ta gani magana ta ƙare. Wata rana da almuru aka sace ragon maƙwabci, ta ce ta ga wanta yana jansa. Aka kori wan daga gari, ya shiga daji, kura ta cinye shi. Bayan kwana bakwai wani abu ya faɗa wa yarinyar a ido, ya hana ta barci. Aka kai ta wajen tsohuwa mai lasar ido, irin waɗanda ke sa harshe su fito da ƙaiƙayi. Tsohuwa ta lasa ta tofar a tafin hannu, sai ga ɗan mutum bai wuce ƙwayar riɗi ba, zaune a gaban masaƙarsa yana ta jifa da ƙoshiya.

Nan Habboba ta ƙanƙance murya ta zama ta ɗan masaƙin. "Ni na ka zaune bayan idonki tun ran da anka haihe ki. Ba ki taɓa ganin rana ba, ba ki taɓa ganin uwarki ba. Zanena kika gani. Abu shi wuce, in saƙa kamatai, in rataya maki, ke ko ki ce kin gani."

Yarinyar ta tambaye shi zaren fa, a ina yake samu. Ya ce da rana hasken rana ke ba shi. Amma in almuru ta yi zare yakan ƙare, shi kuma ba a yarda ya bar masaƙa ba komai, sai ya gangara cikin zuciya ya jawo duk zaren da ya tarar a sama. "Ran nan," in ji shi, "zaren wanki nis samu bisa, don ya buge ki da safe. Da shi niy yi fuskar ɓarawo." Ta ce to wa ya saci ragon? Ya ce shi ina ya sani, shi saƙa ce aikinsa. Yarinyar ta fusata ta murƙushe shi da farce, nan take duniya ta yi mata duhu, ba ta ƙara ganin komai ba har ta mutu. Habboba ta rufe yadda takan rufe, "Na kai ta bakin ruwa na sake ta."

Yara kusan ashirin suka juyo suna kallona, har da 'ya'yan Kawu da ba su san kan zancen ba. Wata ta matsa daga kusa da ni. Kunya da haushi suka kama ni, kuma ni tun ina ƙarama in aka matsa mini sai in yi tsaurin ido.

"Habboba," na ce, "in zane kawai yarinyar ke gani, da wane ido take ganin zanen? Shi ma wannan idon da nasa masaƙin a bayansa? Shi kuma na bayan, wa ke duba nasa?"

Wani yaro ya fashe da dariya. Habboba ta zaro itace mai wuta ta nuna ni da shi. "Ke, rufe mani baki! Ɗiyag ga shaiɗan na ka magana bakinta. Kalas, an gama, kowa shi tahi gida." Na kwanta a daren ina jin ni na ci. Ban san da wa nake yi ba.

Ran Laraba ba ta tara kowa ba. Bayan tuwo ta kira ni ni kaɗai, ta zaunar da ni a tsakanin ƙafafunta kusa da wutar, ta kwance mini kitso ta shiga shafa mini mai. Tun da aka kawo ni gidan ba ta taɓa taɓa kaina ba sai da ranƙwashi. Ta ciro dabino uku daga bakin zanenta ta ba ni. Ta shafa mini mai har a wuraren da igiyar Kawu ta fasa, tana cewa ai bai kyauta ba, za ta yi masa faɗa. Na yi kewar uwata, wata biyar ban gan ta ba, sai na kwantar da kai a gwiwar tsohuwar nan ina hawaye.

"Ban ce maki kin yi ƙarya ba," ta ce a hankali. "Ɗiyata ba ta ƙarya. Rufe idonki mu duba tare. Mi kig gani?"

Na rufe. Na ce mutum a sunkuye da fartanya.

"Rana ta hwaɗi ko ba ta hwaɗi ba?"

"Ta faɗi."

"Tsakaninku da nisa?"

"Kamar daga nan zuwa rumbu. Ko ya fi kaɗan."

"Hulatai wace iri ta?"

Na duba a cikin kaina, ban ga hula ba. Na ce ban sani ba.

"Kin ga fuska ba ki ga hula ba? Tayyib, to shi ke nan. Riga fa?"

Fara ce, na ce. Ta ce duk mazan garin nan farar riga suke sawa gona, har Malam Haruna. Wannan ne karo na farko da ta ambaci sunansa, ta wuce kamar ba ta ce komai ba. Ta tambaye ni ko mutumin ya yi magana na ji muryarsa. Bai yi ba. Ta tambaye ni ko ina jin haushin Kawu a lokacin. Na ce ina ji. Ta ce, "To," ta ci gaba da kitso.

Da na kwanta na sake rufe ido in duba Kawu, sai na tarar fuskar ta dushe. Jikin yana nan, fartanyar tana nan, ruwan yana kwarara, amma wurin fuskar ya zama kamar ƙwarya da aka kife. Tsoro ya kama ni. Na tuna yarinyar da ta sa kura ta cinye wanta. Na shiga murza idona ina neman jin ko akwai wani abu mai motsi a bayansa.

Ran Alhamis ta sake kirana, da dabinon da man. Wannan karon ita ke ba da labarin, ni ina bi, kuma da muryar tatsuniya take yi, wadda ba a iya ƙi. Ta ce in ga mutumin yana ɗagowa. Ta ce dogo ne ko, ai na ce dogo ne. Ban tuna na ce ba, amma na yarda. Kawu gajere ne. Ta ce in duba haɓarsa, ba ɗan gemu ba? In duba kumatunsa, ba tsage irin na mutanen Katsina ba? Ta ce baƙo ne kawai zai yi wannan aika-aika, wanda bai san dokar ruwa ba, wanda a ƙasarsu sama ce ke shayar da gona ba gafir ba. Tana faɗa ina kallo, abubuwan suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna zama a wurin da babu komai. Gemun ya zo, tsagen ya zo. Mutumin ya ɗago ya duba hagu da dama, sai ga Malam Haruna, sarai, har da ɗan karkatar da wuyan da yake yi.

Na yi ihu na buɗe ido. "Shi ne, Habboba! Wallahi shi ne!"

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Yanzu kin gani da zaren gaskiya." Ta ture ni daga jikinta ta tashi ta yi alwala.

Ran Juma'a bayan masallaci aka kai ni ƙofar gidan shehu. Maza sun cika rumfa, gafir yana nan, Balaraben mai auduga yana nan, Kawu da Malam Haruna suna zaune a tabarma ɗaya. Shehu ya ce, "Ya bitti, 'yata, kada ki ji tsoron kowa. An ce kin ce kawunki ne." Na ce na faɗi haka don ya doke ni, amma da na duba da kyau Malam Haruna ne. Mutane suka ce lalle yarinyar nan mai tsoron Allah ce, ta janye ƙazafi da kanta. Ina so a fahimce ni a nan: ban yi ƙarya ba a rumfar nan. Abin da ke cikin kaina na faɗa, kuma da an ba ni Alƙur'ani da na dafa.

Malam Haruna bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Rakiya, 'yata, da idonki kika gan ni?"

"Na gan ka, Baba."

Ya daɗe yana kallona, ba da fushi ba, kamar yana neman inda ciwon yake. Sannan ya ce wa shehu shi bai yi ba, amma ba shi da mai tsaya masa a garin nan sai Allah. Washegari da sassafe suka ɗaure kayansu suka nufi gabas da ƙafa, saura mako biyu a yanke dawar da ya yi wata huɗu yana wahala a kanta. Ina bakin tur'a da tulu suka wuce. Na kira Ladidi, ta tsaya ta tofar da yawu a gabana ta bi iyayenta. Har na ji haushinta, ina cewa ai laifin ubanta ne. Mai hawasha ya ba Kawu gonar Malam Haruna ya girbe, muka ci tuwon dawar har damina ta zagayo. Dabino da man kitso kuwa ban sake ganinsu ba daga ran Alhamis ɗin nan.

Na ci gaba da zama a bakin wutar Habboba har shekara biyu, kafin iyayena su dawo. Ban ƙara yi mata tambaya ba. Na girma na zama mace mai shakkar idonta. Mijina, Allah ya jiƙansa, yakan tsokane ni cewa in aka tambaye ni ko ana ruwa, ina tsaye a cikinsa sharkaf, sai in ce, "Kamar dai ana yi." Ba a taɓa samuna a shaidar komai ba, ko faɗan yara ne. Ina ganin wannan hankali ne, har ina gode wa tsohuwar a raina, duk da ƙin da nake mata, cewa ta hana ni hallaka kawuna. Da ta rasu na yi kuka kamar kowa.

Na kai shekara arba'in da wani abu, ina aure a Sinnar, Kawu Sale ya zo a cire masa yanar ido ya sauka a gidana. Ya tsufa, ya yi laushi, ya zama mai yawan hira. Wata la'asar na dafa masa gahawa muna zaune, ido ɗaya a naɗe da bandeji, sai ya kama dariya shi kaɗai.

"Ke Rakiya, ban taɓa yi maki godiya ba. Shekaran nan ta ruwa, ke kic cece ni. Ƙaramar yarinya, amma kit tsaya gaban shehu ko ƙifta ido ba ki yi ba."

Na ce wace godiya, ai gaskiya na faɗa.

"Wace gaskiya, ya bit? Ni da ke?" Ya ƙara dariya. "Ai na gan ki bayan ciyawa, ke da akuyarki. Daren nan nig gaya ma Inna ni na, kuma kin gane ni. Tac ce in bar ta da ke. Daga baya tac ce kin fahimta, kin yarda ki rufa muna asiri."

Kofin yana hannuna, na ajiye shi. Na tambaye shi su wa suka sani. Ya ce ai duk gida an sani, har uwata, shi ya sa ake cewa ina da zurfin ciki. Wato shekara talatin da wani abu dangina suna yaba mini a kan ƙaryar da suke zaton na yi da saninta, ni kaɗai ce a gidan ban san an yi ƙarya ba. Na tambaye shi ko ya taɓa jin labarin Malam Haruna. Ya ce wane ne haka? Da na tuna masa sai ya ce, "Au, Bakatsinen nan. Allah kaɗai ya san inda suka ƙare." Ya miƙo kofi in ƙara masa, na ƙara masa, don baƙona ne kuma kawuna.

Na daɗe ina juya abin nan, kuma ga inda ya fi ci mini rai: tatsuniyar ba ƙarya ba ce. Na yarda akwai mai saƙa a bayan ido. Na ga mata biyu sun kalli faɗa ɗaya kowace ta rantse a kan abin da ɗayar ba ta gani ba. Abin da ke cikin kanmu kamar abu ne, ba abun ba, kuma haushi yana iya shiga cikin saƙar. Habboba ta san wannan sarai, ta fi malamai da yawa sani. Abin da ta ɓoye shi ne wani na waje ma yana iya miƙa zare, in ya iya murya, in kuma ya sami yarinyar da ke kewar uwarta. Ta tsoratar da ni da zaren zuciyata don in buɗe mata ƙofa ta sa nata. Da ta doke ni ta ce in yi ƙarya, da na yi, na san na yi, wata rana in tuba. Ba ta bar mini ko wannan ba. Mutane suna cewa uwa ce, ɗanta take karewa. Na ji, ni ma na haifa. Ban yafe ba.

Jikokina sukan taru su ce in yi musu tatsuniya, da 'yar Hausarsu da Larabci ya cinye rabi. Nakan yi musu ta kura da ta zomo, amma wannan ban taɓa ba su ita ba. In ɗayansu ya rugo ya ce ya ga abu, ba na tambayarsa hula ko riga. Nakan ce ya faɗa mini tun da zafinsa, in riƙe masa.

A daren da Kawu ya yi maganar nan, da na idar da isha, na zauna a kan sallaya na rufe ido. Na ce yanzu tun da na san gaskiya, bari in koma bakin ruwan nan in ga abin da na gani. Ciyawar tana nan, hasken almuru yana nan, mutumin yana sunkuye yana sara. Na jira ya ɗago. Na san Kawu ne, ya faɗa da bakinsa, yana ɗakin baƙi ina jin minsharinsa. Mutumin ya ɗago ya duba hagu da dama, sai ga gemu, sai ga tsage.

Na gwada ya fi sau ɗari tun daga ranar. Kawu ya mutu, Habboba ta daɗe da zama ƙasa, ni ma gashina ya yi fari. Malam Haruna, wanda aka kora da yunwa a kan maganata, har yau shi ke fasa ruwan nan a cikin kaina, kuma na rasa yadda zan karɓe fartanyar daga hannunsa.